Ina so in hau Mambila da Prado ɗina: da wane gyara zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Prado ƙirar 2007 mai silinda shida, 'yar Kwatano. Shekara uku ke nan tana hannuna, ba ta sauka daga kwalta sai in za a je biki ƙauye. Ni da abokaina uku muna so mu hau Mambila a watan Janairu, mu biya ta Gashaka, mu kwana a daji in ta kama. Na ga motocin Turawa a intanet an ɗaga su sama, ga bamban ƙarfe, ga winci (injin da ke jawo mota da igiya in ta maƙale), ga bututun iska a gefen gilashi, ga tanti a kan rufi. Na ware kuɗi amma ba za su ishi duka ba. Da me zan fara? Wani mai walda ya ce zai ƙera mini bamba da kariya a rabin kuɗin na waje, in yarda? Ina kuma sha'awar a yi mata fenti kore irin na daji.

Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa ko sisi a kuɗin nan, je ka buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take kullewa a kai, ko cikin bonet. Akwai ɗan allo da kamfani ya manna, a kansa an rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai idan an loda ta. Cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne rabonka. A irin motarka ba ya cika wuce kilo 600 zuwa 700, kuma mutanen da ke ciki duk a lissafin suke.

To mu yi lissafin tare. Maza huɗu, a ce kilo 75 kowanne, 300 ta tafi. Ruwan sha lita 60, kilo 60 ke nan, don lita guda ta ruwa kilo guda ce. Jarkar fetur biyu ta ƙarfe, kusan 40. Bamban ƙarfe da winci sun kusa 100. Tantin rufi da kariyar da zai zauna a kai, 80 ko sama. Safayar taya ta biyu da wilinta, 35. Firji da batir na biyu, 50. Kayan aiki da igiyoyi, 40. Abinci da jakunkuna, 60. Ka haura 750, ba a sa buhun garin da za a ce ka kai wa wani a Gembu ba. Motocin da ka gani a hoto da yawansu mutum biyu ne a ciki. Kai kuwa ku huɗu ne, saboda haka dole wani abu ya zauna a gida, kuma gara ka zaɓa yanzu da biro da takarda da a ce shokazoba ce za ta zaɓa maka a bayan Bali.

Ka taki sa'a dai da motar. Tana da shasi daban da bodi, tana da ogzilari mai ƙaramar giya, ba kamar Highlander ko RX ba, waɗanda mu ma muke ce wa jif alhali ƙasansu na ƙaramar mota ne. Gindinta ɗaya da 4Runner ta 2003 zuwa 2009 da GX470 da FJ Cruiser, shi ya sa kayan ƙafarta ba sa wahalar samu a kasuwar safaya ta Ori Apata. Yadda ta fito daga kamfani ma za ta hau Mambila. Iyayenmu da Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kakuri tun 1975 suka shiga ƙauyukan da yanzu ake cewa sai an ɗaga mota. Abin da suke da shi lafiyayyen inji ne, da direban da ya san hanya, da safayar da ake samu a kowane gari.

Saboda haka kuɗinka na farko gareji za su tafi, inda ba wanda zai ga abin da ka saya. A ɗaga motar a ƙwanƙwasa shasin da guduma, musamman ta baya, domin motar da ta zauna a ƙasar da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara tsatsa kan cinye ta daga ciki. A duba lagireto da robobinsa da famfon ruwa da bel. A canza man giyabos, da na aksul gaba da baya, da na akwatin ogzilari, a matsa giris a farfela. Boljoyin da tayarod da bushin, duk wanda ke motsi a fidda shi. Robar shaf in ta tsage ko da tsinin allura ne, a canza. Sai ogzilarin kansa. Ka ce shekara uku ba ka cika sauka daga kwalta ba, to ina kyautata zaton ba ka taɓa shigar da ƙaramar giyar ba. Nemi fili mai ƙasa ka gwada ta, ka gwada makullin tsakiya, wanda ke kulle ƙafafun gaba da na baya su juya tare, ka ga fitilarsa ta kama ta tsaya. Na sha ganin wanda ya ƙi shiga don zaman banza. Amma kada ka bar shi a kulle a kan kwalta, zai ɗaure ƙafafun ya ci maka taya da shaf.

Birki zan ɗan tsaya a kansa, don a nan Mambila ke kama baƙo. Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse tana hawa, har ka fito kan tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga teku. Kaduna ba ta wuce wajen mita 600 ba. A hawa za ka ji motar ta ɗan yi sanyin jiki, iska ce ta yi ƙaranci, injin da ba turbo kan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a wannan tazara. Ba komai. Saukowa ce matsalar. Man birki yana shan danshi da shekaru, kuma idan ya yi zafi ruwan da ke cikinsa ya tafasa, sai ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. A zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo, a sa sabon takalmin birki mai kyau. Ranar saukowa kuma ka mayar da giya 2, ko L inda gangaren ya yi tsanani, inji ya riƙe motar, ƙafarka tana taɓa birki jifa-jifa.

Bayan gareji, taya. In da abu ɗaya tak za ka saya, shi ne wannan. Nemi mai AT a jiki, wadda ke tafiya a kwalta da daji, kuma mai LT, wato mai kaurin gefe, domin dutse ta gefe yake yanka taya. Mai manyan haƙoran taɓo ba taka ba ce: daga Kaduna zuwa Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo har Serti yawanci kwalta ce, za ta cika maka kunne da kuka ta kuma sha mai. In wilinka 17 ne, tayar kamfani 265/65 ce. Za ka iya hawa zuwa 265/70, ta ƙara wa motar tsayin kimanin rabin inci, sifidomita ta riƙa nuna ƙasa da gudunka da kusan kashi 3. Fiye da haka za ta fara gogar bodi a kwana, ta nauyaya wa birki da giyabos, kuma in ta fashe a Nguroje ba za ka sami irinta ba. Duka biyar su zama iri ɗaya, girma ɗaya, don motarka ƙafa huɗu take ja kullum. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2323 na nufin mako na 23 a 2023. Ta gwanjo kada ta hau wannan mota.

Tare da taya ka sayi kwamfuresa mai kama batir, da geji, da kayan faci na tsinke. A kan tsakuwa da marmara ina rage iska zuwa wajen psi 26 a geji, a yashi zuwa 18, sai taya ta baje kamar tafin raƙumi. Da an koma kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba za ta yi zafi ta tarwatse.

Na uku, kayan fita daga taɓo. Shebur mai dogon hannu, allunan da ake cusawa ƙarƙashin taya guda biyu, igiyar ja mai miƙewa wadda aka rubuta ƙarfinta, ƙugiyoyi masu lamba, da katako mai kauri da za a ɗora jak a kai a ƙasa mai laushi. A ɗaura wa shasi wuraren ja na ƙwarai gaba da baya. Ƙwallon jan tirela da ke bayan wasu motoci kada ka taɓa rataya igiya a kansa. In ya karye yana tashi ne kamar harsashi, kai tsaye zuwa gilashin motar da ke ja. Winci kuwa sai in ku kaɗai za ku tafi, kuma ba na ba ka shawarar hakan. Mota ta biyu ta fi winci: tana ja, tana kai mara lafiya asibiti, tana zuwa gari ta sayo safaya. In ka dage sai ka saka, ƙarfinsa ya ninka nauyin motar a lode sau ɗaya da rabi.

Yanzu maganar ɗagawa. Abin da mutane ba su lura da shi ba, ɗaga mota ba ya ɗaga tulun aksul na baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Amfanin sabon sifirin shi ne ya ɗauki kayan da ka loda ba tare da bayan ya zauna ba, shi ya sa shi ake saya a ƙarshe. Loda motar yadda za ta tafi, da mutanen da ruwan da man, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna gaba daban baya daban, sannan a zaɓi sifirin da shokazoba daidai wannan nauyi. Inci 2 ya isa. In aka wuce, shaf ɗin gaba za su karkace su riƙa yage roba, alaimen ya ƙi zama. In motarka mai balan-balan ɗin iska ce a baya, a cire a sa sifirin ƙarfe, domin in ta huje a daji ba mai facinta.

Mai waldarka, ka ba shi wani aikin ka hana shi wani. Farantin kare ƙasan inji da akwatin ogzilari, da ƙarfen kare gefen ƙofofi, da wurin ɗaure jarka, duk masu ƙira a Panteka za su yi maka su da kyau in ka tsaya a kansu. Bamba dai a'a. Bara aka kawo mini wata Prado irin taka tana zafi da zarar an kunna AC a go-sulo. An canza lagireto sau biyu, an cire tamostat, a banza. Da na durƙusa gabanta sai na ga farantin bamban da wani ya ƙera ya toshe rabin hanyar iska, ga fitilu huɗu manya a gaban sauran rabin. Mutum uku muka kama shi kafin ya sauka ƙasa, sai ga gaban motar ya miƙe kamar jakin da aka sauke wa mangala. Ban da haka, an ƙera gaban mota ne ya lanƙwashe ta yadda jakar iska za ta tashi a kan kari, ƙarfen da aka walda kai tsaye a shasi kuwa yana rikita wannan lissafi. Araha ba ta ado. Kariyar rufi ma ka sa mara nauyi, ka duba iyakar da littafin motar ya ba rufin, kada ka ɗora mai ko ruwa a can. Nauyi a sama shi ke kifar da mota a kwanar dutse. Ku huɗu tantin ƙasa ya fi muku, sulusin nauyin na rufi bai kai ba.

Bututun iskar nan yana da amfani a ƙurar hunturu, musamman ga motar da ke bin baya, amma ba ya mayar da mota kwalekwale. Kwamfutar inji da altaneta da wayarin suna nan inda suke. In ruwa ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A Janairu rafuka sun ja, filtar iska biyu a but sun wadatar. Abin da ya fi bututun muhimmanci, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne a ja robar numfashin aksul da giyabos zuwa sama cikin bonet. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwan ciki, man ya koma kamar madara. Duk mashigin da za ku tsallaka, wani ya naɗe wando ya taka shi tukuna. In ruwan ya wuce gwiwa ko yana jan ƙafa, a jira.

Tankinka in guda ne lita 87 yake ci, wasu Prado masu safaya a ƙofar baya suna da na biyu. Da kaya da ƙaramar giya ka yi lissafin lita 17 zuwa 18 a kilomita 100, kada ka dogara da abin da take sha a Ahmadu Bello Way. Ka cika a Jalingo, ka sake cikawa duk inda ka ga gidan mai na kirki. Firji in za ka sa, batir na biyu da na'urar raba caji da fiyus kusa da batir, a wajen riwaya wanda ya san aikinsa.

Fenti kore ka manta da shi. Akwai dokar da ta hana farar hula yi wa mota launin sojoji, kuma kai ɗan garin NDA da Runduna ta Ɗaya ne, ba sai na gaya maka yadda za ta kaya a shinge ba. Gilashi mai duhu ma sai da takardar 'yan sanda. Motar da ta yi kama da ta kowa ta fi kwanciyar hankali a hanyoyinmu na yanzu. Ku tambayi direbobin haya labarin hanya kwana ɗaya kafin tashi, magariba ta same ku a gari. Gashaka Gumti kuma ba a faɗa masa kai tsaye, a Serti ofishinsu yake, a nan za ku biya a haɗa ku da ma'aikacin da zai raka ku.

In an gama aikin, kada Mambila ta zama gwajin farko. Ku loda ta tsaf a watan Disamba, ku yi Kafanchan, ku ga ruwan Matsirga, ku kwana ɗaya ku dawo. Washegari a shiga ƙarƙashinta da sifana a bi kowane noti da aka taɓa, a sake ɗaure na taya, a duba inda mai ya tsattsafo. Duk abin da kuka ɗauka ba ku buɗe ba a wannan tafiya, ban da safaya da akwatin magani, a sauke shi a Unguwar Rimi.