Hayaƙi da Tsawon Rai a Ƙasashe Masu Tasowa

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa in har hayaƙin kabon yana cutarwa, me ya sa ƙasashen da suka fi kowa fitar da shi, irin su Amurka, mutanensu suka fi na ƙasashe masu tasowa tsawon rai. Abin da ka lura da shi gaskiya ne. Na daɗe ina aikin jinya a ƙananan asibitocin karkara, galibi a ɓangaren yara, kuma daga can zan ba ka amsa.

Ba hayaƙin ne ya ƙara musu kwana ba, aikin da aka yi da makamashin ne: famfon ruwa mai tsafta, firjin ajiye allurar rigakafi, wutar ɗakin tiyata. Dubi Kosta Rika. Abin da mutum ɗaya ke fitarwa a can bai kai tan 2 a shekara ba, na Amurka ya haura tan 13, amma mutanen Kosta Rika sun fi Amurkawa tsawon rai, suna kaiwa wajen shekara 80. Da zarar ƙasa ta samu wutar da za ta biya buƙatun lafiya da ruwa da abinci, ƙarin man da take ƙonawa ba ya ƙara wa kowa rai sosai.

Ita iskar kabon cutarwarta a hankali take zuwa, ta hanyar ɗumamar yanayi, da fari da ambaliya da yunwar da ke biyo baya. Mai kisa nan kusa shi ne abin da ke fitowa tare da ita daga wuta ɗaya, wato ƙananan ƙwayoyin toka da ake kira PM2.5, waɗanda ke ratsa huhu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida kaɗai ya kashe kusan mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Waɗannan yaran na san irinsu. Uwa za ta kawo jariri yana numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa, ana buɗe zanen da aka naɗe shi sai warin hayaƙin itace ya tashi. A yi maganin ciwon huhun, a sallame su, su koma ɗakin girkin da ba taga, kafin wata biyu sai ga su sun dawo. Abin yana ci mini rai har yau.

Ga kuma ɗaya gefen, rashin wutar lantarki. Na sha ganin an ɗauke wuta cikin dare, na'urar iskar shaƙa ta tsaya da yaro a kanta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke zuwa asibitocin da ba su da wuta ko kuma wutarsu ba ta da tabbas. Talaka a ƙasa mai tasowa, kenan, hayaƙi na cinsa kuma duhu na cinsa.

In hujja kake so cewa hayaƙi na rage kwana, ta ƙasar Sin ta ishe ka. Tsawon shekaru gwamnati na ba mazauna arewacin kogin Huai gawayin kwal kyauta don ɗumama gida, na kudu ba a ba su. Binciken da aka wallafa a 2017 ya gano cewa hayaƙin ya rage wa na arewa kusan shekara 3 na rayuwa.

Nan ne tattalin makamashi ya shigo, wato a samu aiki mai yawa da ɗan mai ko ɗan itace. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a banza, abin da ke isa tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Ƙwan lantarki na LED yana cin kusan rubu'in abin da tsohon ƙwai ke ci, ko ƙasa da haka. Wani asibitin da na yi aiki, sai da aka sauya ƙwayaye da firji zuwa marasa cin wuta sannan ɗan farantin sola ya iya riƙe ɗakin haihuwa har gari ya waye, aka huta da janareta da hayaƙinsa.

Sai dai kada a ruɗe ka da kowane murhun da aka ce ingantacce ne. An gwada irinsu a ƙauyukan Malawi, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna ciwon huhun yara bai ragu ba. Rage hayaƙi kaɗan ba ya isa, sai an rage shi sosai, shi ya sa nake goyon bayan gas ɗin girki duk da cewa shi ma yana fitar da kabon. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na kabon ɗin duniya, don haka ban yarda a hana uwa tukunyar gas da sunan kare yanayi ba. Indunusiya ta fara mayar da gidaje daga kananzir zuwa gas a 2007, Indiya ta fara raba wa mata matalauta tukunyar gas a 2016. Matsalar da Indiya ta ci karo da ita kuwa ita ce kuɗin sake cika tukunyar: gidaje da yawa sun karɓa, amma da gas ya ƙare sai suka koma kan itace.