Tambayi Likita: fireshar idona 24 an ce lafiyata lau, ta Mama 16 an ce tana da hawan jinin ido

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina cikin ruɗani. Shekarata 43, na raka mahaifiyata wajen likitan ido aka ce tana da hawan jinin ido alhali da aka auna fireshar idonta 16 ce, ni kuma ya ce bari a auna ni tunda ga ni na zo, tawa ta kai 24 amma ya ce ba ni da ciwon, in dawo bayan wata shida, ko maganin ɗigawa bai ba ni ba. Anya ba kuskure aka yi ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Daga abin da kika faɗa ban ga alamar kuskure ba, sunan da muke kiran ciwon da shi ne yake ruɗa mutane. A glakoma, wato hawan jinin ido, ba jini ba ne ke hawa, wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa a cikinsa (ba hawaye ba) yana fita ta 'yan ƙananan magudanai, idan fitarsa ta yi wuya sai matsi, wato firesha, ya ƙaru. Amma shi ciwon kansa lalacewar jijiyar gani ce, wadda ke ɗauke da zaruruwa wajen miliyan ɗaya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Matsin abu ne da ke jawo lalacewar, ba shi ne ciwon ba.

Da can likitoci ma sun ɗauka duk wanda matsin idonsa ya haura 21 yana da ciwon, wanda bai kai ba ya tsira. Bincike ne ya rushe wannan. A birnin Baltimo na Amurka an bi unguwanni ana duba idon dubban mutane, sakamakon ya fito a 1991, sai aka ga kusan rabin masu glakoma fireshar tasu ba ta wuce 21 ba a awon farko. A garin Tajimi na Japan kuwa abin ya fi haka, binciken 2004 ya nuna kashi 92 cikin 100 na masu irin glakomar da ta fi yawa matsin nasu bai haura 21 ba. Kin ga Mama ba ita kaɗai ba ce, jijiyar wani ba ta jure abin da ta wani ke jurewa. Kuma maganin da aka ɗora ta a kai yana da hujja, domin wani bincike na 1998 kan masu irin nata ya nuna rage matsin da kashi 30 cikin 100 yana rage saurin lalacewar ko da tun farko bai yi yawa ba.

Toh sai ke. Akwai babban bincike da aka yi a Amurka kan masu irin halinki, wato matsi ya hau amma jijiya lafiya lau, mutum 1,636, aka raba su biyu wasu ana ɗiga musu magani wasu ana sa musu ido kawai. Bayan shekara 5, a sakamakon 2002, kashi 9.5 cikin 100 na waɗanda ba a ba magani ba suka kamu, masu magani kuma kashi 4.4. Ki duba lissafin nan ta fuska biyu, magani ya rage haɗarin da fiye da rabi wannan gaskiya ne, amma kuma mutum 9 cikin 10 da ba su ɗiga komai ba ba su kamu ba a wannan tsawon lokacin, shi ya sa likita ba ya gaggawar ɗora kowa kan maganin da zai yi ta ɗigawa shekara da shekaru. Wannan binciken dai shi ya fito da muhimmancin kaurin fatar gaban ido, wadda take kamar gilashi, mai kauri na iya sa na'ura ta nuna matsi fiye da gaskiya, mai siriri kuma haɗarin mai ita ya fi yawa. Ki tambaya ko an auna miki kaurin, ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba 24 ɗin ba ne, mahaifiyarki ce ke da ciwon. Wani bincike a Rotadam ta ƙasar Holan ya nuna 'ya'ya da 'yan'uwan jinin mai glakoma haɗarinsu ya kai wajen ninki 9 na sauran mutane. Dan Allah wata shidan nan kar ki bari ya wuce, kuma ki faɗa wa yayyenki da ƙannenki su je a duba su.

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekara uku ina ɗiga maganin glakoma, ni dai ina gani tar, karatu nake yi ba tabarau. Amma duk zuwa sai a zaunar da ni gaban wata na'ura ina kallon ɗigon haske ina danna maɓalli har idona ya gaji. Meye amfanin maimaitawa? Kuma tunda ban ga ƙari ba ban ga ragi ba, zan iya hutawa da maganin? Daga wani bawan Allah.

Amsa: Malam, rashin ganin ƙari ko ragin nan shi ne aikin maganin, dan Allah kar ka daina. Ba ya dawo da abin da ya tafi, jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa, abin da ya rage yake tsarewa. Kuma ganin da kake yi tar bai isa shaida ba, domin glakoma daga gefe-gefe take fara ci ta bar tsakiya sai can ƙarshe, ga ɗayan idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ga ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da ya ɓace da abin da ke kewaye da shi, mutum ba zai ga wani baƙin tabo ba sam, sai dai ya fara tuntuɓe ko abu ya ɓullo masa ta gefe bai gan shi ba.

Na san gwajin faɗin ganin nan yana gajiyarwa wallahi, marasa lafiya da yawa ba sa son sa. Amma gwaji ɗaya ba ya faɗin komai game da saurin ciwon, yau kana da barci gobe hankalinka na wani wuri, sakamako yana hawa yana sauka ko a idon da bai canza ba, sai an tara da yawa an jera su kafin a gane gangara ce ta gaske ko gajiya ce kawai. Shi ya sa masana suka ba da shawara a yi wajen guda 6 a shekara biyun farko. Saurin kuwa shi ne komai, akwai wanda nasa ke tafiyar hawainiya har ya tsufa bai taɓa damunsa ba, akwai wanda cikin 'yan shekaru zai yi asara babba, kuma a ranar farko ba a iya bambance su. Hoton OCT da ke auna kaurin zaruruwan jijiya yana taimakawa sosai, sau da yawa yana ganin sirancewa kafin ta bayyana a gwajin maɓallin, amma kowanne da abin da yake gani.

A Suwidin an bi mutum 255 da aka gano ciwonsu da wuri, rabi aka yi musu magani rabi ana bibiyarsu kawai, bayan kimanin shekara 6 ciwon ya ci gaba a kashi 62 cikin 100 na marasa magani, kashi 45 na masu magani. Wannan 45 ɗin ita ce amsar tambayarka ta farko, ko da magani ciwon na iya ci gaba, dole a riƙa dubawa domin a san ko a ƙara ko a canza. In kuma ɗigawar ce ta ishe ka, ka yi wa likitanka maganar leza, wato haska wani haske na musamman a ido don rage matsin. Binciken da aka yi a Birtaniya kan mutum 718, wanda ya fito a 2019, ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara musu da leza sun kai shekara 3 ba su buƙaci ɗigawa ba. Ba kowane ido ta dace da shi ba, shi zai duba.

Tambaya: Tunda ciwon ba ya nuna alama, me ya hana a auna kowa da kowa kawai?

Amsa: Tambaya mai kyau, masana ma sun daɗe suna muhawara a kai. Matsalar ita ce babu gwaji guda mai sauƙi da ke kama shi daidai, awon firesha kaɗai zai bar masu ciwo da yawa ya kuma tayar wa masu lafiya hankali. Kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce a 2022 hujjar ba ta isa a ce a tantance duk manya marasa alama ba. Amma wannan magana ce ta jama'a gaba ɗaya, masu haɗari hukuncinsu daban. A tsibirin Barbados an samu kusan kashi 7 cikin 100 na baƙaƙen fata 'yan shekara 40 zuwa 84 suna da shi, kuma a baƙar fata yakan fara da wuri. Ni a ganina duk wanda ya kai 40, ko akwai ciwon a danginsa, ko ya daɗe yana amfani da maganin sitiroyid musamman na ɗigawa a ido, ya je a yi masa cikakken dubawa, a leƙa jijiyar ba awon firesha kaɗai ba. Wanda kuma ido ya yi masa ja farat ɗaya da ciwo mai tsanani, ga ciwon kai da amai yana ganin zobe kewaye da fitila, wannan wani nau'in ne da ke toshe magudanar gaba ɗaya, a ranar ake zuwa asibiti ko da tsakar dare ne.