Ku Tambayi Anti: Aiki, Yara da Gudun Safe

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Gombe, yarana uku, ƙaramin watansa tara har yanzu yana shan nono. Da na je asibiti an ce jinina ya fara hawa, likita ya ce in rage gishiri da magi in dinga motsa jiki, ni kuma dama tun ina sakandare ni ce mai yi wa gidanmu gudu ranar intahaus, sai na ji sha'awar abin ta dawo min na sayi kambas na fara fita. Amma wlh Anti ban yi nisa ba na daina. Ƙarfe 4 da rabi nake tashi in ɗora ruwa in haɗa abincin makaranta a kula in yi wa yara wanka in kai su in wuce ofis, in dawo bayan la'asar ga ɗauko 'yan islamiyya ga girkin dare ga asamen ɗin yara, kafin in kwanta 11 ta wuce. Abban yara bai hana ni ba amma kullum sai ya ce to wa zai riƙe yaron, Hajiyarsa kuma da ta ji cewa ta yi matar aure da gudu a titi kamar wadda kare ya biyo. In koma tashi ƙarfe 4 ne ko ya zan yi? Maman uku, Tumfure, Gombe

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa, sannu da fama, Allah ya raya zuri'a. Maganar tashi ƙarfe 4 ki ajiye ta gefe tukuna. Ke da kike kwanciya 11 ki tashi 4 da rabi, awa biyar da rabi kenan, kuma a cikinsa mai shan nono yana tashinki, babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa sama, kuma rashin barci da kansa yana ɗaga hawan jinin da kike gudun saboda shi. In kika yanko gudun daga barci kin yi ba ki yi ba.

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa ina neman inda wani ya ɗauke miki wani abu, ban gani ba. Ruwa ke, kula ke, wanka ke, kaiwa ke, ɗaukowa ke, kuma ƙarshen wata albashinki ma na tabbata yana shiga cefane. To gsky matsalarki ba ta lalaci ba ce, a wannan jadawalin babu gurbin rabin awa, sai an cire wani abu an ɗora wa wani. Kuma abin da kike nema ba mai yawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici irin tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Minti 25 zuwa 30 sau uku a sati kin cika. Sau uku fa, ba kullum ba.

Ki samu Abban yara lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa a kwance, kada ki je masa da “ina so in dinga fita gudu” kawai, wannan maganar a buɗe take shi ya sa yake mayar miki da tambaya. Ki ce masa Talata da Alhamis in ya dawo daga masallaci ya riƙe yaron rabin awa ya sa ido manyan su saka yunifom, Asabar kuma babu makaranta ki ɗan daɗe. Ki nuna masa katin asibitin ya ga lambar da idonsa. Yawancin mazanmu ba ƙin taimako suke ba, ba su san inda za su kama ba ne, wasu kuma sun sani sarai suna basarwa, ke kika san naki. Ki shayar da yaron kafin ki fita, shi zai koma barci ke kuma ƙirji zai yi miki sauƙi, ki nemi rigar nono mai kamawa sosai irin ta 'yan wasa, kuma gudu ba ya ɓata nono kada wata ta tsorata ki, ruwa dai ki sha isasshe.

Sauran lokacin daga kicin za ki ƙwato shi. Daren ranar da za ki fita ki soya miyarki ki gyara wake ko ki fere dankali ki jiƙa, yunifom a goge, safa da takalma a jere bakin ƙofa, in kuna samun wuta ranar Lahadi ki yi miya kala biyu ki raba a robobi ki jefa firiza. Yaron da ya kai shekara 7 ko 8 zai iya yi wa kansa wanka ya haɗa jakarsa, eh ba zai cuɗa bayan kunne yadda kike so ba, ki haƙura.

Shi kansa gudun, na san inda kika samu matsala, kin fita da ƙafar 'yar sakandare a jikin uwar yara uku. Ki fara da tafiya minti biyar jiki ya ɗumama, sai sassarfa minti ɗaya tafiya minti biyu, ki maimaita kamar sau takwas. Duk sati ki ƙara wa sassarfar kaɗan ki rage tafiyar, wajen wata biyu zuwa uku za ki ga kina yin rabin awa ba tsayawa. Ma'aunin shi ne ki iya magana kina gudun, in haki ya hana ki haɗa jimla ɗaya to kin yi sauri, ki sassauta. Ki dinga auna jinin kuma, in an ba ki magani kada ki ajiye don kin fara gudu, in kin ji ciwon ƙirji ko jiri ki tsaya ki koma wajen likita.

Wajen fita, ki bari gari ya waye wajen ƙarfe 6, kada ki fita cikin duhu ke kaɗai da waya a hannu da abin ji a kunne, mu mutanen Gombe mun san labarin 'yan kalare, 'yan daban garin nan, ba sai an ba mu ba. Kuma ku na Tumfure ki rabu da bakin titin Bauchi da tireloli da tankokinsa, ki bi layukan cikin unguwa, ki nemi maƙwabciya ko abokiyar aiki ku zama biyu ko uku, ranar da kasala ta kama ki ita za ta buga miki ƙofa. Asabar ku hau keke ku gwada filin wasa na Pantami. Daga Maris zuwa Mayu kin san zafinmu, rana na ɗagawa an gama, lokacin hunturu kuma ranar da ƙura ta rufe gari ki zauna a tsakar gida ki yi tsallen igiya minti goma ya wadatar.

Hajiya kuwa kada ki ja da ita ko ki ce za ki yi mata bayanin kimiyya. Ki bar ɗanta ya gaya mata likita ne ya ce, daga bakinsa zai fi shiga. Ki sa dogon wando sakakke da riga har gwiwa da hijabi mara nauyi wanda ba ya riƙe zufa, in ta gan ki a haka rabin maganar ta mutu.

Tambaya: Anti ni namiji ne amma ina bin shafinki. Iyalina nas ce tana aikin shif, ta dame ni tana son ta dinga gudu da wasu ƙawayenta. Ni ba na son abokai su dinga ganinta a titi, kuma anya ya dace da matar musulmi? Wani magidanci, Yelwa, Bauchi

Amsa: Malam na gode da ka tambaya ba ka yanke hukunci kai kaɗai ba. Ni ba malama ba ce, fatawa sai ka je wajen masu ita, amma hadisin nan sananne ne na cikin Abu Dawud, Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta ya ce wannan ramuwar waccan ce. To gudun kansa ba shi ne abin tambaya ba, sutura ce da wuri da lokaci, kuma duka ukun kana da hannu a ciki. Ka ɗauke ta da kanka a mota ko a mashin ka kai ta filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ko wani filin makaranta mai katanga kusa da ku, kai ma ka zagaya, don na san ba za a rasa ɗan tumbi ba. Abu ɗaya zan gaya mata ta bakinka, ranar da ta sauko daga aikin dare barci ne a gaba, gudun ya jira ranar hutu. Maganar abokai kuma, ranar da suga ko hawan jini ya kwantar da ita ba su za su yi jinya ba.

Tambaya: Anti na haihu ta tiyata, mun yi arba'in satin da ya wuce, saura kaɗan hutun haihuwata ya ƙare kuma cikina bai koma ba. Zan iya fara gudu yanzu? Sannan in na yi atishawa ko tari fitsari yana ɗan zubo min, kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Maman baby, Fadaman Mada, Bauchi

Amsa: Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. A'a, kada ki fara yanzu. Arba'in lissafin wanka ne, ɗinkin ciki da naman ƙasan mara ba su gama komawa ba, masu gashin ƙashi da yawa suna cewa a jira kamar wata uku bayan haihuwa kafin gudu ko da haihuwar da kanki ce balle tiyata, kuma sai likitan da ya duba ki ya yarda. Yanzu tafiya ce taki, minti goma sha biyar ki dinga ƙarawa.

Zubowar fitsarin nan mata da yawa suna fama da shi suna ɓoyewa a bayan zani, kuma gudu a kansa ƙara shi yake. Ki dinga matse gabanki kamar mai riƙe fitsari ki ƙirga biyar ki saki, sau goma, sau uku a rana, kina shayarwa ma za ki iya ba wanda zai sani, amma ba lokacin da kike fitsarin ba. In wata biyu zuwa uku bai ragu ba ki faɗa a asibiti, sun ji irinsa ya fi a ƙirga. Ki sa a duba miki jini ma, ƙarancin jini bayan haihuwa yana sa haki da kasala, hanta da wake da zogale da alayyahu su yawaita a kwanonki, shayi kuma ki raba shi da lokacin cin abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Wanda ba na so ki yi wasa da shi shi ne in kika ga ƙafa na kumbura, numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ko haki daga ɗaki zuwa kicin, ciwon zuciya na bayan haihuwa yana da yawa a arewacin nan kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan kunun kanwa, wannan asibiti za ki tafi ranar.

Cikin zai koma a hankali, wata tara ya ɗauka yana fitowa. 'Yar Kenya ɗin nan Faith Kipyegon ta haihu a 2018, ta dawo ta ci zinare a gudun mita 1500 a gasar Olamfik ta Tokyo ta sake ci a Faris a 2024, kuma ita ma sai da ta yi watanni ba ta gudu bayan haihuwar, ga masu horarwa ga likitoci a kanta. Ke da za ki koma ofis da goyo, ki fara tunanin wa zai riƙe miki baby da yadda za ki dinga tatsar nono tukuna, in kin cika wata uku likita ya sallame ki ki sake rubuto min in tsara miki yadda za ki fara.