Daga ɗakin gwajin jini zuwa binciken maitokondiriya: ta ina hanyar take?

Tambaya

Assalamu alaikum, Dakta. Ni haifaffiyar Jidda ce, iyayena Hausawa, kuma shekara biyu ke nan da na kammala digirin farko a fannin gwaje-gwajen asibiti, yanzu ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti mai zaman kansa. Mahaifiyata tana da ciwon sukari, haka ƙaninta, haka marigayiya kakata ta wajen uwa. Dukansu sirara ne, kuma biyu daga cikinsu jinsu ya yi rauni tun ba su tsufa ba. Wani malaminmu ya taɓa cewa irin wannan yana iya fitowa daga maitokondiriya, maganar kuwa ta zauna mini a rai. Ina so in zama mai bincike a wannan fanni, amma Baba yana tambaya shekara nawa za a yi, kuma me ake zama a ƙarshe. Igama, wato takardar izinin zama, gare ni, ba ni da takardar zama 'yar ƙasa. Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Mama da kawunki lafiya, ya jiƙan kaka. Zan fara da gidanku kafin in zo kan karatu, domin abin da kika lura da shi a can shi ne ainihin aikin da kike neman shiga.

Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da maitokondiriya, wata ɗaruruwa, wata dubbai, in ban da jajayen ƙwayoyin jinin da kike ƙirgawa kullum, waɗanda ba su da ko ɗaya. Su ne murhun da ake ƙona abincin da muka ci da iskar oksijin, a fitar da sinadarin ATP, wanda da shi tsoka take motsi, ƙwaƙwalwa take aiki. Suna da nasu rubutun gado daban da na cibiyar ƙwaya, ɗan ƙaramin zobe na DNA mai haruffa 16,569 da ƙwayoyin gado 37, wanda aka karanta gaba ɗayansa a Kambirij ta Ingila a 1981. Wannan zobe daga uwa kaɗai ake gadonsa. Kaka tana ba 'yarta da ɗanta, 'yar ta miƙa wa nata 'ya'yan duka, ɗan kuwa ba ya miƙa wa kowa. Idan kika sake duba jerin da kika kawo, kaka da Mama da kawu, za ki ga dalilin da ya sa malaminki ya faɗi abin da ya faɗa.

Akwai sauyin harafi ɗaya a gurbi na 3243 na wannan zobe, wanda masana a Japan suka fara bayyanawa a 1990 cikin masu wata cutar ƙwaƙwalwa da tsoka da ake kira MELAS, sannan a 1992 masu bincike a Holan suka same shi a wani babban dangi da ciwon sukari da kurumta suke bin tsatson mata. Dalilin haɗuwar cututtukan biyu yana da ban sha'awa. Ƙwayoyin da ke fitar da insulin a cikin fankiriyas ba sa gane cewa sukari ya hau a jini sai ta hanyar ƙona shi: ATP ya ƙaru, wata ƙofar fotasiyam da ke jikin tantanin ƙwayar ta rufe, kalsiyam ya shiga, insulin ya fito. Frances Ashcroft da abokan aikinta a Oksfod ne suka nuna a 1984 cewa sukari yana rufe wannan ƙofa. To idan murhun ya yi sanyi, sukari zai hau amma saƙon ba zai isa ba, ko da mutum ba shi da ƙiba. Kunnen ciki shi ma mai cin makamashi ne sosai, shi ya sa yake cikin waɗanda suke fara gajiya. Ana ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin ɗari na masu ciwon sukari irin wannan ne nasu, kuma yawancinsu ana yi musu magani ne a matsayin nau'i na ɗaya ko na biyu ba tare da an gane ba.

Ba zan ce wannan ne ke gidanku ba, domin wasiƙa ba ta tabbatar da cuta. Abin da ya kamata shi ne a kai wannan tarihi gaban likitan sukarin Mama, a nemi ya tura ta wurin likitan cututtukan gado. Ki sani kuma cewa a ƙwaya ɗaya ana samun zobba masu lafiya da masu sauyi a cakuɗe, kuma rabon masu sauyin yana raguwa a jini yayin da shekaru suke tafiya, don haka gwajin jinin dattijuwa yana iya fitowa babu komai alhali ƙwayoyin da ke cikin fitsari suna nuna shi. Amsar tana da amfani a aikace, domin ana taka-tsantsan da maganin metformin ga irin waɗannan marasa lafiya, amma kada kowa ya daina shan maganinsa sai da izinin likita.

Wancan ɓangare an fahimce shi sosai. Inda gardama take, inda kuma aikin rayuwar mai bincike yake, shi ne ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya kama wajen ɗaya cikin biyar na manya a Saudiyya. A 2004 rukunin Gerald Shulman na Jami'ar Yale a Amurka ya nuna cewa matasa sirara, 'ya'yan masu ciwon sukari, waɗanda jikinsu ya fara ƙin jin insulin, maitokondiriyar tsokarsu ba ta aiki kamar ta tsararsu. Har yau ba a daddale ba ko wannan rauni ne yake kawo cutar, ko kuwa kitse da rashin motsa jiki ne suke kawo raunin. Shi kansa metformin, da aka fara ba marasa lafiya a Faransa tun 1957, sai a 2000 aka nuna cewa yana rage aikin mataki na farko na sarƙar numfashin maitokondiriya, kuma masana suna ta musu a kan ko ta nan ne yake sauke sukari a ma'aunin da mara lafiya ke sha. A ganina, duk malamin da ya ce miki maitokondiriya ta bayyana komai, daga ƙiba har tsufa, ki yi hattara da shi.

Kada ki ɗauka sai kin bar Saudiyya za ki sami tambaya mai nauyi. Furotin fiye da dubu ne suke aiki a cikin maitokondiriya, 13 kacal zoben nan yake rubutawa, sauran duk daga cibiyar ƙwaya suke, daga uwa da uba. Idan iyaye biyu suna ɗauke da sauyi iri ɗaya a ɓoye, yaro yana iya haɗa biyun, ya zo da cuta irin ta Leigh da ke kama jarirai. Fiye da rabin auren 'yan ƙasar nan na zumunci ne, mu ma auren zumunci ba baƙo ba ne a gidajenmu, saboda haka asibitocin nan suna ganin abin da wasu ƙasashe ba sa gani sai jefi-jefi. A Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad, Farfesa Fowzan Alkuraya da rukuninsa sun gano ƙwayoyin gado masu yawa da ba a san suna kawo cuta ba, ta hanyar nazarin irin waɗannan iyalai, kuma tun 2013 ƙasar take da shirin karanta rubutun gadon al'ummarta. Akwai kuma giɓin da ya fi damuna. Zoben da aka karanta a Kambirij, wanda ake gwada na kowa da shi, na Baturiya ne, alhali mafi yawan bambance-bambancen wannan zobe a Afirka suke. Idan aka karanta na Bahaushiyar Makka ko Madina, za a ga haruffa da yawa sun saɓa, kuma wanda bai san tsatson ba yana iya kiran gadon kakanni cuta, ko ya wuce cutar gaske bai gan ta ba. Mai jin Hausa da Larabci, wadda tsofaffin Shara Mansur da ke Makka za su yarda su zauna da ita su lissafa mata dangi, tana da abin da na'ura ba ta bayarwa.

Ga amsar Baba, kuma ki gaya masa ita yadda take. Digiri na biyu shekara biyu ne, digirin digirgir huɗu zuwa biyar, sannan a wannan fanni ana yin wasu shekaru biyu zuwa huɗu ana ƙwarewa a ɗakin binciken wani, kafin a ba mutum nasa. Kusan shekara goma ke nan. A jami'o'in nan mai digirgir yana fara da matsayin ustaz musa'id (mataimakin farfesa), sai ustaz musharik (mataki na gab da farfesa), sai cikakken farfesa, kuma ba a hawa mataki sai an yi aƙalla shekara huɗu a na ƙasa tare da adadin binciken da aka wallafa. Hanyar zama mu'id, inda jami'a take ɗaukar matashi ta tura shi waje karatu, ta 'yan ƙasa ce. Ga mai igama, ƙofar da na fi ganin a buɗe ita ce Jami'ar Sarki Abdallah ta Kimiyya da Fasaha da ke Suwal, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, take ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na digirgir daga kowace ƙasa, ta ba su masauki da alawus. Jami'o'in gwamnati ma suna da guraben minha, wato tallafin karatu, ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Ko'ina kika nufa za a nemi shaidar jarrabawar Ingilishi. Ba duk mai digirgir ne yake zama farfesa ba, da yawa suna komawa ɗakunan gwajin gado na manyan asibitoci ko kamfanonin magunguna, kuma baƙo a jami'a da kwantiragi yake zaune. Don haka kada ki bari lasisinki na Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ya mutu.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne cewa wannan sana'ar awo ce. Mai binciken maitokondiriya yana wuni ne yana auna yawan oksijin da 'yar tsoka mai nauyin miligiram biyu ko uku take zuƙa, da na'ura irin Oroboros ko Seahorse, yana ƙara sinadari ɗaya bayan ɗaya don ya ga a wane mataki numfashin ya tsaya. Tsokar sai sabuwa, domin daskarewa tana fasa tantanin ciki, wanda a kansa dukan aikin ya dogara. A shekarata ta biyu ta digirgir na yi wata bakwai ina murna da wani bambanci tsakanin masu ciwo da masu lafiya, sai daga baya muka gano cewa samfurin masu ciwon yana daɗewa a hanya daga wani asibiti kafin ya iso gare mu. Jinkirin nake aunawa. Na yi kuka a ranar, kuma tun daga lokacin ba na karɓar samfur sai an rubuta mintin da aka yanke shi. Ke da kike gwada na'ura da samfurin tabbatarwa kowace safiya kafin ki taɓa jinin mara lafiya, kin riga kin sami tarbiyyar da yawancin sababbin ɗalibai ba su da ita. Abin da za ki ƙara shi ne ilimin ƙididdiga da ɗaya daga harsunan kwamfuta, R ko Python, kuma za ki iya fara su da daddare tun yanzu.

Haƙuri da jinkiri yana cikin tarihin fannin kansa. A 1961 Peter Mitchell ya kawo bayanin cewa maitokondiriya tana tara furoton, wato ƙwayoyin haidirojin masu cajin lantarki, a bayan tantaninta kamar ruwa a bayan madatsa, kuma kwararowarsu ce take haɗa ATP. Manyan masana sun ƙi yarda, ya koma wani gida a karkarar Ingila ya ci gaba da gwaji tare da Jennifer Moyle, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel.

Wajen zaɓen malami, sunan jami'a bai kai halin mutumin muhimmanci ba. Ki duba ko ɗalibansa ne suke zuwa a farkon jerin sunayen abin da yake wallafawa, ki bincika inda waɗanda suka gama a hannunsa suke yanzu, ki tambaye su a keɓe ko yana shiga ɗakin gwaji da kansa, da yadda yake yi idan ɗaliba ta yi aure ko ta haihu. Ni da goyo na rubuta kundina, kuma abin ya yiwu ne saboda an yi maganarsa da maigida da malama tun kafin a fara. Ki guji mujallun da suke aiko saƙo suna alƙawarin wallafa aiki cikin mako guda idan an biya kuɗi, domin sunanki a cikinsu zai zame miki tabo. Kada kuma sha'awa ta sa ki ɗebi jinin Mama ki gwada a wurin aikinki. Gwajin gado yana buƙatar yardar mai jini da wanda zai zauna ya fassara sakamakon, tunda amsar ta shafi 'yan'uwanki duka, ta shafi 'ya'yan da ke da kanki za ki haifa.

A wannan wata ki zauna da Mama ki zana bishiyar danginku har hawa uku, da wanda ya kamu da shekarun da ya kamu, ki kai wa likitanta. Sannan ki zaɓi malamai uku da aikinsu ya shafi maitokondiriya ko cututtukan gado, ki karanta bincike ɗaya na kowannensu har ki iya faɗin abin da aka auna da abin da aka bari, ki rubuta wa kowa gajeriyar wasiƙa da ke ɗauke da tambaya ɗaya a kan aikinsa, ki nemi izinin zuwa ki yi mako biyu na hutunki a ɗakin bincikensa. Zuwa da kai ya fi aike, kuma idan da hali ki tafi da Baba a ranar farko ya ga wurin da idonsa.