Tambaya da Amsa: Sun ce in bi su kogin Nahanni da kwale-kwale, in je ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Edmonton, ƙasar Kanada, abokan karatuna sun matsa min in bi su wani kogi wai shi Nahanni idan an yi hutun bazara, za a yi kwana da kwanaki ana tuƙa kwale-kwale ana kwana a tanti. Na iya iyo sosai don a bakin gulbi na tashi a Yauri, abin da nake tsoro kawai beyar, manyan namun dajin nan da aka ce sun cika wajen. Me za ka ba ni shawara? Ɗalibi daga Edmonton

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai shawarata ka je, wallahi ka je, don waje ne da ko 'yan Kanadan kansu kaɗan ne suke samun ganinsa, amma ka je da sharaɗi, kuma tsoron naka ka sauya masa wuri don ka ajiye shi inda bai dace ba.

Bari in fara gaya maka inda za su kai ka. Kogin yana can yankin Northwest Territories ne, ƙasar mutanen Dene, daga Edmonton sai ka yi kusan kilomita 1,500 a mota kafin ka kai wani ɗan gari Fort Simpson, daga nan kuma babu titi, sai ƙaramin jirgin sama irin mai sauka a kan ruwa, a ɗaure kwale-kwalen a jikinsa ko a cusa a ciki, ya sauke ku ya juya abinsa. Da ƙarar injinsa ta ɓace shi ke nan fa, babu netwok babu kanti babu asibiti sai ku da ruwa. Yawanci ana sauka ne a saman Virginia Falls, inda kogin gaba ɗayansa yake faɗowa daga tsayin mita 96, kusan ninki biyu na shahararriyar faɗuwar ruwan Niagara ke nan, kuma aikinku na farko dako ne, ku kwashe kaya da jarkokin abinci da kwale-kwalen kansa a kafaɗa ku zagaye faɗuwar ruwan da ƙafa, sawu biyu sawu uku. Daga ƙasa kuma sai ku shiga tsakanin duwatsu, kwazazzabai huɗu ne a jere, kuma lissafinsu a juye yake, na huɗu za ku fara shiga ku ƙare da na farko, saboda masu neman zinare na da daga ƙasa suke hawowa su suka yi ƙirgen. A na farkon bangon dutsen ya haura mita 1,000. Abin da ya fi burge ni shi ne kogin ya girmi duwatsun, yana nan yana lanƙwasarsa a fili tun kafin ƙasa ta ɗago, da ta fara ɗagowa a hankali sai ya yi ta cin ta yana tafiya a kan tsohuwar hanyarsa, shi ya sa za ka gan shi yana kwana-kwana a tsakiyar dutse. A 1978 UNESCO ta sa wajen cikin rukunin farko na wuraren tarihi na duniya. Tafiyar taku zuwa ƙauyen Nahanni Butte ta haura kilomita 200, mako ɗaya zuwa kwana goma.

To yanzu maganar iyo. Ƙanena iyon Yauri ba zai cece ka a can ba, kuma wannan ce maganar da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Ruwan Neja da ka sani ɗumi ne da shi, wannan kuwa narkakkiyar ƙanƙara ce daga kan duwatsu ko a watan Yuli. Idan kwale-kwale ya kife, abu na farko da jiki yake yi shi ne jan numfashi da ƙarfi ba da son mutum ba, in kanka yana ƙarƙashin ruwa a lokacin ruwa ka shaƙa. Wani farfesa da ya koyar a jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan, ya taƙaita shi da 1-10-1: minti 1 ka samu ka daidaita numfashi, kusan minti 10 hannu da ƙafa suna jin maganarka, sannan kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Ka ga waccan awa ɗayar mai rigar ruwa ne kawai yake cin moriyarta, wanda babu rigar, wato laif jaket, a jikinsa da hannu ya sandare ya tafi ƙasa, ko sarkin ruwa ne. Saboda haka rigar nan a jikinka take a zuge a ɗaure tun daga shiga har fita, ba a shimfiɗa ta a zauna a kai. Kaya kuma ka bar auduga da jins a gida, in sun jiƙe ba sa bushewa sai su yi ta zuƙe ɗumin jikinka, ka nemi na ulu da na roba, ka kuma ajiye saiti ɗaya busasshe a jakar da ruwa ba ya shiga wanda ba ka taɓa shi sai dare.

Beyar kam akwai, baƙaƙe da kuma manyan da ake ce wa girizili, amma yawanci gudun mutum suke yi, abinci ne yake janyo su. Ana girki nesa da tanti, a rufe komai mai ƙamshi a jarka har man goge baki da turare, kada ka kwana da ko ƙwayar dabino a aljihu, sannan akwai feshin barkono da ake ratayawa a ƙugu. Sauro ma sai ya fi damunka, musamman can ƙasa wajen da kogin ya rarrabu, ka sayi ragar fuska.

Sharaɗin nawa shi ne ka tambayi abokan naka, da kamfanin jagora mai lasisi za a je ko su kaɗai? In da jagora ne bismilla, tsada ce kawai don dubban daloli ne. In su kaɗai ne ka tambaya wa ya taɓa tuƙi a ruwa mai gudu da kumfa, wa ya iya ceto, sun yi rajista da Parks Canada, hukumar da ke kula da dajin, don dole ne a yi rajista kafin shiga a kuma sanar in an fito, kuma suna da wayar satalayit? Ba Thuraya ba, ita ba ta kaiwa can. In suka fara kame-kame ka haƙura da wannan shekarar, ka shiga kwas na tuƙi a nan kogin Edmonton ka koyi riƙe filafili tukuna, kogin ba gudu zai yi ba.

TAMBAYA: Na ga wani bidiyo a YouTube wai akwai kwari a Kanada da duk wanda ya shiga sai a tsinci gawarsa babu kai. Gaskiya ne? Wata mai karatu daga Damagaram

AMSA: Hajiya ai wannan kogin ne dai, kwarin sunansa Deadmen Valley, tsakanin kwazazzabo na biyu da na farko. Asalin labarin gaskiya ne, wasu 'yan'uwa biyu Willie da Frank McLeod sun shiga neman zinare, a 1908 aka tarar da ƙasusuwansu, aka ce babu kawuna, har yau ba a tabbatar da abin da ya kashe su ba. Sauran duk ƙarin gishiri ne na masu neman a kalli bidiyonsu. Duk bazara matafiya suna kafa tanti a kwarin nan su kwana su tashi lafiya.

TAMBAYA: Malam an ce a arewacin Kanada rana ba ta faɗuwa da bazara, to wanda ya shiga daji irin wannan yaya zai yi da salla? Mai karatu daga Kumasi

AMSA: Na ji daɗin wannan tambaya ɗan'uwa, kuma ɗalibinmu na Edmonton ya kasa kunne. A Nahanni rana tana faɗuwa, sai dai a watan Yuni yini ya kai kusan awa 19, kuma in ta faɗi ba ta yin nisa, jan nan na bayan magariba ba ya ɓacewa, yana nan yana zagayawa har ya haɗe da alfijir, sha biyun dare kana iya ganin hanya babu tocila. Azahar da la'asar da magariba babu matsala a kansu, isha'i da asuba ne alamarsu take ɓata. Malamai sun yi fatawa a kan irin waɗannan ƙasashe cewa ana ƙaddara lokacin ne, wasu su bi gari mafi kusa da yake da dare sosai, hujjarsu hadisin Dujal da ke Sahihu Muslim inda aka ce a ƙaddara wa doguwar ranar. Matafiyi kuma yana da ƙasaru. Shawarata ya zauna da limamin masallacinsu tun kafin tafiya a rubuta masa lokuta a takarda ya sa a leda, ya ɗaura agogon hannu don batirin waya ba abin dogaro ba ne. Musulmi ma suna zaune har gaba da nan, a Inuvik akwai masallacin da aka gina a Winnipeg aka ɗora a mota sannan a jirgin ruwa ya bi kogin Mackenzie a 2010, kuma can rana takan yi makonni ba ta faɗi ba.

Alƙibla kuma kada ya ce zai duba gabas yadda muka saba, daga can arewa ake fuskanta a ɗan karkata dama kaɗan. Alwala ya roƙi a ɗuma masa ruwa a tukunyar shayi da asuba, ya share ƙafa ya mayar da safa nan take. Sai abinci, ya faɗa wa masu shirya tafiyar tun da wuri cewa ba ya cin naman alade, don tun a gari ake ƙulla abincin kowace rana a jarka, kuma karin kumallonsu da wuya a rasa shi a ciki, in aka riga aka tashi jirgi babu inda za a samo masa wani.