Tsakanin "glister", "glitter" da "glisten"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce a littafinki an rubuta "All that glisters is not gold", alhali kowa "glitters" yake cewa, ko kuskuren bugu ne? A'a, kada ki sa masa biro. Haka Shekspiya ya rubuta a The Merchant of Venice, wasan kwaikwayon da aka fara buga littafinsa a 1600. "Glister" tsohuwar kalma ce da aka daina yayinta, "glitter" ta gaje ta a bakin jama'a.

Na shafe shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk shekara sai na samu ɗalibin da ya soke kalmar nan ya "gyara" ta. Ba na yi masa faɗa, wurin da ta fito nake mayar da shi. A cikin wasan, Yariman Maroko ya zo neman auren Poshiya, aka ajiye masa akwati uku: na zinariya, na azurfa, na dalma. Ya ɗauki na zinariya, ya buɗe, sai ga ƙoƙon kan mamaci da takarda ɗauke da wannan magana. Ƙyalƙyalin ne ya ja shi ya baro.

Ma'anar kenan. "Glitter" haske ne mai tartsatsi da ke tashi daga abu mai tauri, ƙarfe ko gilashi ko duwatsun ado, wato ƙyalƙyali. Shi ya sa marubuta ke yawan jingina shi da ruɗi da kwaɗayi.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne "glisten". Wannan sheƙi ne, kuma sai da danshi: gumi a goshi, ganye bayan ruwan sama, fatar da ta sha mai. Ki lura da ido musamman. In aka ce idon mutum ya yi "glisten", ƙwalla ce ta ciko. In aka ce "glitter", to zazzaɓi ne, ko fushi, ko wani abu da ba ya kwantar da hankali. A waƙen Kolrij, mawaƙin Ingila, na 1798, tsohon matuƙin jirgin ruwa da "glittering eye" ya tsare ɗan biki a hanya, ya kasa motsi har sai da ya ji labarinsa kaf.

Wata ɗalibata ta taɓa rubuta cewa idon uwar amarya ya yi "glitter" ranar kai amarya. Tausayi take nufi, amma hoton mace mai mugun nufi ta zana. Da na bayyana mata, da hannunta ta mayar da shi "glistened".

A jarrabawa, in za ki kawo maganar Shekspiya, ki rubuta "glisters" yadda take.