Zafin inji a gidan direban tsohuwar akori-kura

Ka ce akori-kurar da aka kawo, in an ɗan yi nisa sai zafi ya cika gidan direba har ƙafa ta kasa zama a kan totur, alhali allurar zafi ba ta hau ba, kuma kana tambaya ko a shimfiɗa mata soso mai kauri a ƙarƙashin kafet a huta. Kada ka kuskura, yaro. Wannan tunanin naku na yaran yanzu ne, ku rufe ciwo da tsumma ku karɓi kuɗi. Shimfiɗa ita ce aikin ƙarshe, kuma sau da yawa in ka yi na farko daidai ba ka ma buƙatarta.

Hanya uku zafi ke bi ya shigo. Ko iska ce mai zafi take kutsowa ta ramuka, ko ruwan inji ne yake zagayawa cikin hita ba a so, ko kuma salansa ce take gasa ƙarfen bene. Ka sa wani ya tuƙa, kai ka zauna gefe ka riƙa bin ƙasan dashbod da bene da bayan hannunka. In ka ji iska tana hurawa, rami ne. In ɗumin daga akwatin hita yake fitowa ko da mota na tsaye tana silo, ruwa ne. In benen ne da kansa yake ƙuna, kuma yana ƙaruwa in an ɗauki kaya ko an kama hawa, to leƙa ƙasa.

Fara da ramuka, domin su ne mafi yawa. Bangon ƙarfen da ya raba inji da gidan direba cike yake da huji: na kebul ɗin totur, na cok, na sifidomita, na sandar sitiyari, na wayoyi, na tiyo biyu na hita, wasu tsofaffin ma fedar birki da ta kuloci ta cikin bene suke ratsawa. Kowane huji da robarsa aka ƙera shi. Motar da ta shekara 40 ko 50, robar nan ta bushe ta farfashe, wasu sun faɗi tun tuni, ga kuma hujin da masu wayarin suka yi ta ƙarawa suna barinsa a buɗe. Jira duhu ya yi, ka ajiye fitila mai haske a ɗakin inji, ka rufe bonet, ka kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari. Duk inda haske ya ɓullo, nan zafi yake bi. Ka sa masa alama da alli.

Kada ka raina ƙaramin huji. Fanka tana turo iskar da ta ratsa lagireto ta cika ɗakin inji, shi kuma direba da ya ji zafi sai ya sauke gilashi, iskar da ke wucewa ta gefen mota ta riƙa zuƙo ta ciki. Nan ana turawa, can ana ja, sai hujin da yatsa bai cika shiga ba ya riƙa hura wuta a gwiwar mutum. Shi ya sa za ka ji mai mota yana cewa in ya buɗe gilashi abin ƙaruwa yake yi, kuma gaskiyarsa ne.

Wurare biyu ne ba ku taɓa dubawa. Na ɗaya robar sandar giya. Biyu ce a motoci da yawa, ta sama ta ado ce, ta ƙasa da ke manne da bene ita ce mai tare iska, kuma ita ce take yagewa ba a gani. Na biyu doguwar robar da ke bayan bonet, kusa da gilashin gaba. In babu ita, iskar ɗakin inji takan fito ta nan ta faɗa kai tsaye cikin ramin shan iskar da ke gindin gilashi, sai direba ya buɗe iskar waje yana neman sanyi ya samu akasin haka. Ramin da waya ko kebul ke ratsawa a sa masa sabuwar roba daidai bakinsa. Wanda ba a amfani da shi a toshe da roba, in babba ne a yanka gwangwanin alminiyam a shafa gam mai jure zafi a buga ribit. Ban yarda in ga tsumma ko leda ko kwali a bangon nan ba. Wayar da ta ratsa huji ba roba kuwa, bakin ƙarfe zai yi ta cinta har ranar da za ta haɗa wuta.

Kuma ka riƙe wannan da kyau: iskar da ta kawo zafi ita ce take kawo hayaƙin salansa in akwai yoyo a manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji ya miƙa wa bututun salansa. Cikin hayaƙin akwai kabon monoksaid, iska ce mai guba, ba ta da wari ba ta da launi. Direban da ya ce maka doguwar tafiya tana sa masa ciwon kai da barci, kada ka bar motarsa ta fita sai ka gano yoyon. Za ka ga baƙin tabo a gefen gasket, kuma in inji na da sanyi za ka ji ƙara tik-tik-tik da ke raguwa in ƙarfe ya buɗe.

Hita ba ta da wuya. Ƙaramin lagireto ne a ƙarƙashin dashbod. Bari inji ya ɗauki zafi, ka kashe hitar, ka taɓa tiyon biyu. In motar mai bawul ce kuma duka biyun suna ƙuna daidai wa daida, bawul ɗin bai rufe ba, ko ya ci tsatsa ko kebul ɗinsa ya saki. Wasu ba su da bawul sam, ruwa kullum yana zagayawa, ƙofa ce a cikin akwatin take tare iska, to soson bakin ƙofar ne ya zama gari. In mai mota ba ya buƙatar hita, cire tiyon biyu daga bango ka haɗa su da juna da lanƙwasasshen bututu, galibi mai milimita 16 ne, wasu 19. Haɗawa na ce, ban ce toshewa ba. A wasu injuna ta wannan hanyar ruwa ke zagayawa kafin tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya ɗauki zafi, ya buɗe, in ka toshe ka jawo wa kan silinda zafi a wuri guda. Shi kuma tamostat ka bar shi inda yake. Yawanci a digiri 82 ko 88 yake buɗewa, cire shi ba shi ne maganin zafin ƙafar direba ba, sai dai ya hana inji kai zafin aikinsa ya yi ta shan mai.

Yanzu salansa, wadda ita ce ta sa na zauna ina ba ka amsa, don tambayarka ta tuna mini da wata Peugeot 504 da har gobe in na tuna raina yana ɓaci. Mai ita ya kawo ta da irin wannan kuka, tabarmar roba ta ƙarƙashin kujera har ta fara narkewa. Da aka ɗaga ta, sai ga aikin wani mai walda: ya yanke bututun ya sake haɗawa, ya ɗaga shi sama har ɗan yatsa ba ya shiga tsakaninsa da bene. Farantin kariyar da kamfani ya sa an cire an yar, wai yana ƙara. Robar rataye guda ta tsinke an ɗaure da waya. Ga taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi baya sosai, robar cikin bakyum na distirbuta (mai raba wa fulogi wuta) ta yage, ka zuƙi tiyon da baki iska kawai kake sha, farantin cikin distirbuta ko motsi ba ya yi. In wuta ta makara haka, mai bai gama ci a silinda ba bawul yake buɗewa, sai ya ƙarasa ci a manifol. Manifol mai lafiya ma yakan wuce digiri 500 in ana jan kaya, wannan kuwa da dare in aka taka ta sai ka ga ya yi ja.

Na zayyana masa aikin gaba ɗaya: a sauke bututu, a yi sabon faranti, a sauya robobi, a gyara taimin, a toshe ramuka. Ya ce a yi taimin da ramuka tukuna, yana da kayan da zai kai, jibi zai dawo a ƙarasa ya biya gaba ɗaya. Aka sa masa sabon bakyum da robobi daga cikin kayan gareji, aka ɗaure bututun na wucin gadi, aka ja masa kunne cewa kada ya sa komai a benen nan. Jibin da bai zo ba ke nan. Ashe wajen mai ɗinkin kujera ya nufa, aka shimfiɗa masa takardar kwalta irin ta rufin ɗaki, aka ɗora soson katifa, aka rufe da sabon kafet. Ka san abin da ya biyo baya. A da iskar cikin mota tana ɗauke wa benen wani zafin, yanzu an lulluɓe shi, zafin ba shi da wurin zuwa. Ya ɗauko kaya fiye da ƙima ya kama doguwar hawa a giya ta biyu, kwalta ta narke, soso ya kama. Allah ya kiyaye rai, amma kujera da wayarin da dashbod duk sun tafi. Sannan mutumin nan, da bashin kayana a wuyansa, ya bi gari yana cewa garejina ne ya ƙona masa mota, tunda nan aka taɓa ta. Wasu masu motocin da suka saba zuwa suka ɗauke ƙafa, sai da aka daɗe kafin gaskiya ta fito. Kuɗin kuwa har yau. Tun daga ranar, motar da salansarta ke jingine da bene ba ta barin wurina da rabin aiki, ko mai ita zai yi fushi.

To ga yadda ake yi. Tsakanin bututu da bene a samu kamar yatsu uku, wajen santimita 5, kuma ka girgiza salansar da hannu ka tabbata ba ta kaiwa ko an faɗa rami. Duba kujerun inji da na giyabos, wato robobin da suke zaune a kai, in sun zauna sukan karkatar da bututun gaba ɗaya. Farantin kariya na alminiyam ne mai kaurin kamar milimita 1, a lanƙwasa shi ya bi siffar bututu, ya zarce wurin zafin ta kowane gefe. Sirrinsa shi ne kada ya manne da bene. Sa washa ko noti a tsakani ya bar sarari na santimita 1 zuwa 1 da rabi, gaba da baya a buɗe, iska ta ratsa. Iskar nan ce mai aikin, farantin da aka manna wa bene ɗaukar zafin yake ya miƙa masa. Kada a yi masa fenti, hasken fuskarsa ne yake mayar da zafi. Kana can ƙasa ka bi layin mai da na birki da ido. Layin mai in ya kusanci salansa fetur yakan tafasa a ciki mota ta riƙa mutuwa in ta yi zafi. Man birki DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, ranar nan feda za ta tafi ƙasa ba birki.

Zaren da kuke gani a bidiyon waya ana naɗe salansa da shi, ni ba na sa shi a tsohuwar mota. Yana riƙe danshi ya cinye bututu, kuma yana iya tsaga manifol na ƙarfen zubi. In taimin daidai ne amma har yanzu manifol na wuce ƙima, duba kafireto ko mai ya yi ƙaranci, ko gasket ɗin shan iska yana zuƙar iska ta gefe, ko tukunyar salansa ta toshe daga ciki. Yadda ake saita taimin ba sai na faɗa maka ba, in ba ka iya ba zuwa yanzu to wayarka ce ta cinye maka lokaci.

Sai bayan duk wannan ake maganar shimfiɗa. Kwashe tsohon buhun da ke ƙarƙashin tabarma, yana shan ruwa ya ruɓar da bene. In ka ci karo da wani fari-fari ko toka-toka mai zare a jikin bango ko kusa da salansa, ɗauke shi a matsayin asbestos, abin tare zafi na da wanda ƙurarsa ke cutar da huhu: jiƙa shi, rufe hancinka, kada ka kankare shi a bushe ko ka hura shi da iska. Kankare tsatsa, a yi waldar inda ya huje, a shafa fenti. Baƙar takardar roba mai mannewa ta kashe ƙara ce, ba ta tare zafi sosai, sa ta kaɗan a faffaɗan wurare. A kanta ake ɗora soson mota wanda ba ya shan ruwa, mai jure zafi, kaurin milimita 6 zuwa 10, a manne gaɓoɓinsa da tef na alminiyam, a kai shi har saman bango bayan feda. Ka taka totur da birki da kuloci har ƙasa ka tabbata babu wadda ta taɓa shi.

Jeka ka ɗauko fitila da alli. In duhu ya yi ka ƙirga mini ramukan, gobe da safe kafin ta yi zafi mu ɗaga ta ka auna tsakanin bututu da bene a gabana.